Ƙasar da Teku Ke Cinyewa: Su Wane Ne Kejun, Kuma Me Gandun Jean Lafitte Ke Ƙoƙarin Tserarwa?

A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka ta soke wani gagarumin aiki na kimanin dala biliyan 3. An tsara aikin ne domin a fasa gefen kogin Misisipi, a bar ruwa da laka su kwarara cikin fadamun Barataria, ko ƙasar da ke nutsewa a can ta sake tasowa. Masana muhalli da dama sun yi tir da matakin, masunta da yawa kuwa har da hamdala. Duk wanda ya ji labarin daga nesa dole ya yi tambaya: ta yaya mutanen da teku ke cinye wa ƙasa za su yi murna da rushewar aikin da aka ce shi zai ceto ta?

Ba a gane amsar sai an san mutanen da kuma irin ƙasar da suke zaune a kai. Da yawa daga cikinmu mun fara cin karo da kalmar Kejun ne a jikin kwalbar kayan yaji a babban kanti, ko a takardar jerin abinci ta gidan cin kaza, har wasu ke ɗauka sunan wani haɗin barkono ne. Alhali sunan al'umma ce mai harshenta da kiɗanta da tarihin kora da gudun hijira. Kuma babu inda ya fi dacewa a fara fahimtarsu kamar gandun tarihi na ƙasa mai ɗauke da sunan Jean Lafitte.

Gandu ɗaya, wurare shida

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa gandun a 1978. Ba fili ɗaya ba ne mai ƙofa ɗaya, wurare shida ne warwatse a kudancin jihar. Akwai cibiyar baƙi a tsohuwar unguwar Faransawa ta birnin New Orleans. Akwai filin dagar Chalmette, inda dakarun Amurka ƙarƙashin janar Andrew Jackson suka fatattaki sojojin Birtaniya ranar 8 ga Janairun 1815. Akwai dajin fadama na Barataria, tafiyar kamar rabin awa a mota kudu da birnin, mai faɗin eka fiye da 20,000. Sauran ukun cibiyoyin al'adun Kejun ne: ta Lafayette tana ba da tarihin zuwansu, ta Eunice tana nuna rayuwar waɗanda suka zauna a filayen kiwo da noman shinkafa, ta Thibodaux kuma ta mutanen bakin ruwa ce, masunta da maharba da masu sassaƙa kwalekwale. Ba a biyan kuɗin shiga ko ɗaya daga cikinsu.

Shi kansa mai sunan ba Bakejune ba ne. Jean Lafitte ɗan fashin teku ne kuma ɗan fasa-ƙwauri, wanda ya mayar da lungunan ruwan Barataria maɓoyarsa. Cikin hajar da yake shigowa da ita ta bayan fage har da bayi 'yan Afirka, bayan Amurka ta haramta shigo da su daga waje a 1808. An yafe masa laifukansa ne saboda shi da mutanensa sun taimaki Jackson a yaƙin 1815. A ganina bai kamata mai ziyara ya wuce wannan gaɓa da sauri ba, domin mutanen da ya sayar suna da nasu kaso a kusan duk abin da ake yabawa a al'adun yankin a yau.

Daga Akadiya zuwa Luwiziyana

Labarin ya faro ne daga can arewa, a gabashin Kanada ta yanzu. Tun farkon ƙarni na 17 manoma daga Faransa suka zauna a yankin da suka kira Akadiya, wanda mafi yawansa ke cikin lardin Nova Scotia a yau. Abin lura shi ne tun a can ma mutanen fadama ne. Sukan tayar da jingar ƙasa a bakin teku, su binne magudanar katako a ƙarƙashinta mai ɗan murfi da ke buɗuwa ta gefe guda kawai. Idan teku ya ja baya, ruwan gona ya tura murfin ya fice. Idan teku ya dawo, nauyinsa ya danne murfin ya rufe. Cikin 'yan shekaru ruwan sama ya wanke gishirin, fadama ta zama gonar alkama.

A 1713 Faransa ta sallama wa Birtaniya yankin. Akadiyawa suka ce za su zauna lafiya amma ba za su yi rantsuwar da za ta tilasta musu ɗaukar makami a kan Faransa ba. Shekara arba'in ana wannan ja-in-ja, har a 1755 gwamna Charles Lawrence ya ba da umarnin a kwashe su. Aka tara maza a coci-coci aka karanta musu hukuncin, aka ƙona gidaje da rumbuna, aka ƙwace dabbobi, aka loda mutane a jiragen ruwa, wani lokaci miji a wannan jirgi mata da 'ya'ya a wancan. Mutum fiye da 10,000 aka kora cikin shekarun da suka biyo baya, dubbai suka mutu saboda cuta da yunwa da nutsewar jirage. Har gobe jikokinsu na kiran abin da sunan da ma'anarsa ke nufin babbar tarwatsewa. Sai a 2003 aka fitar da sanarwa a Kanada da sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta amincewa da cewa an yi wannan ɓarna.

Luwiziyana a lokacin ta koma hannun Sifaniya, wadda ke neman mazauna 'yan Katolika da za su tare mata iyaka. A 1765 Joseph Broussard, wanda ake wa laƙabi da Beausoleil, ya iso New Orleans da mutum kusan 200. A 1785 jiragen ruwa bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 da suka yi shekaru suna gararamba a tashoshin jiragen ruwan Faransa. Bakin mutane ya yi ta gutsurar sunan, Akadiyan ya koma Kadiyan, masu Ingilishi kuma suka mayar da shi Kejun. A 1971 majalisar jihar ta amince da gundumomi 22 a matsayin yankin Akadiyana.

Tukunyar da hannaye da yawa suka dafa

Kuskuren da aka fi yi, har a cikin Amurka, shi ne jingina wa Kejun duk wani abu mai daɗi da ya fito daga kudancin Luwiziyana. Kafin su zo akwai 'yan asalin ƙasar, irin su Chitimacha da Houma da Choctaw. Akwai kuma Kiriyol, wato waɗanda aka haifa a ƙasar tun zamanin mulkin Faransa da Sifaniya, farare da baƙaƙe da ruwa-biyu. Jiragen bayi na farko sun iso a 1719, kuma mafi yawan waɗanda Faransawa suka kawo a wancan zango daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su, mutanen da suka san noman shinkafa tun kaka da kakanni.

A duba miyar da ake kira gumbo, wadda ita ce tambarin yankin. Sunan ya samo asali daga kalmar kuɓewa a harsunan Bantu, kuma mutumin Maraɗi ko Zinder ba zai ji shi baƙo ba, tunda gombo ake ce wa kuɓewa da Faransanci. Mai girki kan fara ne da soya gari a cikin mai, tana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi duhu kamar ƙasa, wannan dabarar Faransawa ce. Sai ta zuba albasa da koren tattasai da seleri. Kaurin miyar yana zuwa daga kuɓewa, ko kuma daga garin busasshen ganyen wata bishiya mai suna sasafaras da aka koya a wajen Choctaw, wanda aikinsa a tukunya bai da maraba da na garin kuka. A ƙarshe a zuba ta kan shinkafa. Kwano ɗaya, nahiyoyi uku.

Kiɗan ma haka yake. Akodiyan da gogen Turawa da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku su ne kayan kiɗan Kejun, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa baƙar fata ne Bakiriyole, Amédé Ardoin, wanda ya naɗi faifai tare da farar fata mai goge Dennis McGee a 1929, a zamanin da dokar wariya ta raba har famfon shan ruwa. Daga ɓangaren baƙaƙen Kiriyol ne kuma kiɗan zaidiko ya fito. Dole a faɗi wata gaskiyar ma: cikin Akadiyawan da aka kora daga gidajensu, wasu da suka samu wadata a bakin Misisipi sun mallaki bayi su ma.

A garuruwan Eunice da Mamou akwai wata al'ada da ake yi gab da azumin Kirista. Mutane su sa tufafin tsumma masu launi da abin rufe fuska, su hau dawakai suna bin gida-gida da waƙa da rawa suna roƙon kayan miya. Mai gida ya cilla kaza sama, a bi ta da gudu cikin taɓo. Da yamma a haɗa abin da aka samu a dafa wa gari duka gumbo. Wanda ya taso yana ganin tashe zai gane ruhin abin nan take.

Harshen da aka duka a makaranta

Kundin tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Ingilishi ya zama harshen koyarwa. Abin da ya biyo baya tsofaffin Kejun ba su manta ba. Yaro ya zo makaranta bai iya ko gaisuwa da Ingilishi ba, ya buɗe baki da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi, sai a sa shi durƙuso a kan ƙwayar masara, ko ya cika allo da rubutun cewa ba zai ƙara yin Faransanci a harabar makaranta ba. Waɗannan yara da suka girma sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu harshen, don kada su sha irin abin da suka sha. Ba a buƙaci soja ba a wannan karon, kunya ce ta yi aikin.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan farkar da wasu, lokacin da samarin Kejun suka tsinci kansu suna yi wa rundunar Amurka tafinta a Faransa da harshen da aka ce musu na jahilai ne. A 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL domin raya Faransanci, aka buɗe azuzuwan da ake koyar da darussa da shi, a 2018 kuma Luwiziyana ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a matsayin 'yar kallo. Ƙoƙari ne na gaske, sai dai mafi yawan waɗanda suka sha harshen a nono tsofaffi ne yanzu, kuma Faransancin aji ba shi ne na kaka ba.

Abin da ido ke gani a Barataria

Hanyoyin katako aka shimfiɗa a kan ruwa domin mai ziyara ya ratsa dajin da ƙafa. Da farko ƙasa ce mai ɗan tudu da manyan itatuwa, wasu sun tsiro a kan tarin ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci) da 'yan asalin ƙasar suka bari ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kaɗan ka ci gaba sai ƙasar ta sauka da abin da bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma komai ya sauya. Itatuwan saifires na tsaye cikin baƙin ruwa, saiwoyinsu sun huda sama kamar turaku, wata ciyawa ruwan toka na reto a rassansu kamar gemun dattijo. Abin da ka ɗauka guntun icce ne a gefen hanya, idan ka tsaya ka ƙura masa ido sai ka ga idanu biyu da hanci: ɗan'uwan kada ne yana shan hantsi.

A ƙarshen hanyar sai daji ya yanke, fili ya buɗe, ciyawa kore shar har iyakar gani. Nan ne abin mamakin yake, domin ba ƙasa ba ce. Tabarma ce ta saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ke yawo a kan ruwa, tana hawa tana sauka tare da shi, tamkar kainuwa dashen Allah amma mai kaurin da wani wurin zai ɗauki mutum.

Mai niyyar zuwa ya san cewa daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, ga zafi mai gumi ga sauro. Guguwar Ida ta 2021 ta yi wa hanyoyin katakon ɓarna sosai, don haka yana da kyau a bincika waɗanda ke buɗe kafin a tashi. Musulmi kuma ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya ratsa girkin yankin, har gumbon kaza ma sau da yawa da tsiran alade a ciki.

Me ke cinye ƙasar?

Duk kudancin Luwiziyana kogi ne ya gina shi. Shekaru kusan 7,000 Misisipi na kwaso laka daga tsakiyar nahiyar, duk ambaliya ya shimfiɗa sabon rufi a kan fadama. Irin wannan ƙasa kullum cikin zama take, tana lotsawa a hankali saboda nauyinta, sabuwar lakar ce ke cike gurbin. Bayan mummunar ambaliyar 1927, gwamnatin tarayya ta ɗaure kogin da dogayen jingogi hagu da dama. Garuruwa sun tsira, jiragen dakon kaya sun samu hanya, amma lakar da ke ciyar da fadama sai ta koma zubewa can cikin zurfin tekun Meziko. Ƙasa ta ci gaba da lotsawa, babu mai cike ta. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san irin wannan ciwo, tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke isa gare su.

Sai kuma man fetur. Kamfanoni sun haƙa dubban kilomitoci na hanyoyin ruwa a cikin fadamun domin kai injinan haƙa da shimfiɗa bututu. Ta nan ruwan gishiri ya samu ƙofa, ya kashe ciyawar da saiwoyinta ke riƙe da ƙasa. Tun kafin nan 'yan katako sun riga sun sare mafi yawan tsofaffin itatuwan saifires. Aka kuma shigo da nutiriya daga Kudancin Amurka a shekarun 1930 saboda fatarta, wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya da ke cin ciyawa har saiwa. Da kasuwar fata ta faɗi sai ta yaɗu, har jihar ta fara biyan maharba lada a kan kowace wutsiya tun 2002. A saman wannan duka ga teku na ƙara tasowa.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 1932 da 2016 gaɓar Luwiziyana ta yi asarar kusan murabba'in kilomita 5,000, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take da shi. A lissafinta na shekarun baya-bayan nan, filin ƙwallo guda ke nutsewa cikin kowane minti 100. Fadama kuwa ita ce garkuwar birni, ita ke rage ƙarfin igiyar ruwan da guguwa ke turowa. Mutanen New Orleans sun ga abin da ruwa ke iya yi a 2005, lokacin guguwar Katrina.

Rigimar fasa kogi

Kuɗin aikin da aka soke sun fito ne daga diyyar malalar man da ta biyo bayan fashewar dandalin haƙar mai na teku mai suna Deepwater Horizon a 2010, wadda ta kashe ma'aikata 11, ta yi kwana 87 tana tsiyaya, kuma mashigin Barataria na cikin wuraren da ta fi ɓatawa. An aza harsashin aikin a Agustan 2023. Hujjar magoya bayansa ita ce a mayar wa kogi aikinsa na asali. Suna nuni da bakin kogin Atchafalaya da mashigar Wax Lake, inda ruwa mai laka ke fita ba shamaki, kuma can ne ƙasa ke ƙaruwa alhali ko'ina tana raguwa. An yi hasashen aikin zai gina ko ya riƙe murabba'in mil 21 cikin shekara 50.

Masunta kuma suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Shekaru da dama da aka toshe kogin, ruwan Barataria ya yi gishiri, kawa da jatan lande suka matso ciki, iyalai suka gina sana'arsu a kan haka. Idan aka sako ruwan daɗi mai yawa, gonakin kawa za su mutu, wani nau'in jatan lande zai ƙaura, kuma binciken gwamnatin tarayya da kansa ya nuna dolfin ɗin mashigin za su halaka da yawa. Wasu ƙauyukan da ke wajen jinga za su ƙara fuskantar ambaliya. An ware ɗaruruwan miliyoyin daloli na rage raɗaɗi, amma mutumin da ya gaji jirgin kamun kifi daga kakansa ba ya ganin takardar banki a matsayin madadinsa. Gwamna Jeff Landry ya tsaya a ɓangarensu, ya koka da hauhawar kuɗin aikin, har ya kwatanta illarsa ga al'adun masunta da abin da aka yi wa yaran Kejun a makarantu kan harshensu. Masu adawa da aikin sun fi son a riƙa yaso laka da injin ana turo ta ta bututu, wanda ke samar da ƙasa da sauri, sai dai ita ma tana lotsawa, dole a yi ta maimaitawa da sabon kuɗi.

Ni dai ina ganin soke aikin asara ce, domin gishirin da ke ciyar da masuncin yau shi ne ke cinye ƙasar da gidajen masuntan ke kai. Amma ba na ganin laifin wanda aka ce ya sadaukar da abincin 'ya'yansa na bana saboda ƙasar da za ta fito bayan shekara 50, musamman da yake ba shi ya ɗaure kogin ba, ba shi ya haƙa hanyoyin man ba. Batun wanda zai biya ma yana kotu: a Afrilun 2025 masu taya alƙali yanke hukunci a gundumar Plaquemines sun ce kamfanin Chevron ya biya fiye da dala miliyan 740 saboda lalata fadama, kamfanin kuma bai yarda da hukuncin ba.

Waɗanda ruwa ya riga ya cimma

Kuɗin inshorar gida a garuruwan bakin tekun ya yi tashin da ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke tattara komatsansu. Mai hali ya ɗaga gidansa a kan dogayen ginshiƙai, marar hali ya yi arewa. Idan iyali suka watse zuwa Houston ko Baton Rouge, kaka ba ta kusa balle jika ya tsinci harshe a bakinta, ba kuma kwalekwale a ƙofar gida balle ya koyi sarrafa shi.

Tsibirin Isle de Jean Charles ya riga kowa ganin wannan rana. Mazaunansa 'yan asalin ƙasar ne masu jin Faransanci, waɗanda kakanninsu suka fake a can a ƙarni na 19. Tun daga 1955 tsibirin ya rasa kashi 98 cikin ɗari na ƙasarsa, hanya ɗaya tilo da ke haɗa shi da tudu kuma ruwa kan shanye ta ko da iska ce ta kaɗa da ƙarfi. A 2016 gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 48 domin a sake musu matsuguni, a 2022 iyalai suka fara tarewa a sababbin gidaje kimanin kilomita 60 daga can, a filin da a da gonar rake ce. Wasu dattawa sun ƙi tashi.

A gundumar Plaquemines kuwa, hukumar da ke zana taswirar teku ta Amurka ta goge sunayen wurare fiye da 30 daga taswirorinta, saboda gaɓar da ta kewaye su ta narke sun zama buɗaɗɗen ruwa. Cikinsu akwai Yellow Cotton Bay da Bay Jacquin da Cyprien Bay. Tsofaffin masunta na kiran wuraren da sunayensu har yanzu idan jirgi ya bi ta kansu.